Shirin Dakta na Ranar Asabar: Abin da Na Ji da Abin da Na Gani

Matan unguwarmu a Agege ba sa kiran shirin da sunan da gidan rediyo ya raɗa masa. Shirin Dakta kawai suke cewa, kuma duk wadda aka faɗa wa ta san wanda ake nufi: awa ɗaya ta lafiyar mata da Hausa, kowace Asabar bayan la'asar, wadda ake yaɗawa a rediyo kuma ake haskawa kai tsaye a Facebook, tare da lambar WhatsApp ga mai son aika saƙon murya. Na haura shekara biyu ina sauraronsa, na taɓa aika tambaya, wani abu da na ji a cikinsa ya taɓa gidanmu kai tsaye, saboda haka nake ganin ina da bakin faɗin inda ya yi kyau da inda ya gaza.

Mai gabatar da shirin likita ce ta gaske, kuma wannan shi ne abu na farko da ya bambanta ta da ɗimbin masu magana kan jikin mace a intanet. Ta bi doguwar hanyar da kowane likita a ƙasar nan yake bi, wato shekara 6 a jami'a, shekara guda ta horo a asibiti, shekara guda ta bautar ƙasa, sannan wasu shekaru na ƙwarewa a fannin mata da haihuwa. Ta yi aiki a ɗakin haihuwa a Arewa kafin aure ya kawo ta Legas. Ta sha ba da labarin dalilin da ya sa ta ajiye yawancin aikin asibiti ta koma gaban makirufo, kuma dalilin ɗaya ne kullum: matan da ta rasa a hannunta, mafi yawansu ba ilimin likita ne ya gaza a kansu ba, a makare aka kawo su. An kwana biyu ana naƙuda a gida, ko an ga kumburi an ce na masu ciki ne, ko jini ya ɓalle ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. Ta ce ta gane cewa maganar da za ta ceci mace a gida ya kamata a yi ta, makonni kafin ranar. Idan aka tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 sun rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, za a ga cewa lissafinta ba na wasa ba ne.

Babban ƙarfin shirin shi ne harshe. Wanda bai zauna a Legas ba zai yi wuya ya fahimci abin da Bahaushiya take fuskanta a layin awo. Asibitoci na nan, daga asibitin koyarwa na Idi-Araba zuwa na Ikeja zuwa ƙananan asibitocin unguwa, amma Yarbanci da Turanci ake yi a cikinsu. Matar da aka auro daga Gumel ko Funtuwa ba ta jin ko ɗaya, sai mijinta ko ɗanta ya zama tafinta, kuma babu macen da za ta kwatanta wa ɗan cikinta irin ruwan da ke fita daga gabanta. Sai ta ce ciwon mara, a rubuta mata maganin ciwon mara, ta dawo gida da cutarta. Dakta ta san wannan, ta kuma san kalmomin da muke ɓuya a bayansu. Idan mace ta kira ta ce sanyi ke damunta, ba ta yi mata dariya, ba ta kuma karɓar kalmar haka nan. Tana bin ta a hankali: akwai ƙaiƙayi, ruwan fari ne kamar kindirmo ko yana da wari, fitsari yana zafi, maigida ma yana da wani ƙorafi? Daga nan sai ta nuna cewa abin da muke tarawa a kalma ɗaya cututtuka ne daban-daban, wani daga ƙwayar da ke jikin mace dama yake, wani kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa har sai an yi wa miji da mata da abokiyar zama magani tare, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. A bakinta na fara jin cewa yawan wanke ciki da sabulu da cushe-cushe shi ne yake kawo wani kaso na abin da ake neman korewa.

Abin da ya faru a gidanmu shi ne wannan. Matar ƙanen mijina tana da cikin fari, wata bakwai, ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. Surukarmu ta ce haka ita ma ta yi a dukkan haihuwarta tara, mu ma muka yarda. Wata safiya na shiga ɗakinta na tarar ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau, ta rufe taga, zoben da ke yatsarta ya nutse cikin nama. Na ce, "Amarya, lafiya?" Ta ce, "Yaya, kaina ne tun jiya, kuma ina ganin wasu taurari-taurari." A take na tuna shirin makonni uku da suka wuce, inda Dakta ta maimaita har sau uku cewa kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma idan fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani ya dushe ko ciwo a saman ciki, to ba a jiran gobe. Ta ce idan awon jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 na ciki, alama ce ta cutar da ke kaiwa ga jijjiga. Na kira mijinta yana kasuwar Mile 12 yana sauke tumatir, ban nemi izini ba, sanar da shi na yi, muka hau keke sai asibiti. Awon ya wuce wancan adadi nesa. Aka kwantar da ita, aka yi mata allurar hana jijjiga, bayan kwanaki aka ciro yaron da tiyata. Yanzu yana tafiya yana jan mayafin kakarsa.

Wani abin da nake yaba mata shi ne yadda take taɓa al'ada ba tare da ta ci mutuncin masu ita ba. Ranar da aka yi maganar jego, wata dattijuwa ta kira daga Alaba Rago cikin faɗa, tana cewa su da kunun kanwa da ruwan zafi aka raine su kuma ga su da ransu. Dakta ta kira ta Mama daga farko har ƙarshe, ta gode mata, ta ce kwana arba'in na hutu da kulawa da ciyar da mai jego gata ne da mata da yawa a duniya ba sa samu, kada a yar da shi. Sannan ta ware abin da ke da haɗari: kanwa gishiri ce mai yawa, tana tara ruwa a jiki, tafasasshen ruwa da kwanciya a gado mai wuta kuma suna ƙara wa zuciya aiki a lokacin da take a gajiye. Ta ambaci cewa likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun rubuta kan wannan ciwon zuciya na masu jego tun shekarun 1970. Shawararta ita ce a yi wanka da ruwa mai ɗumi, a yi kunu ba kanwa, kuma mai jegon da ke haki ko ba ta iya kwanciya sai a jingine a kai ta asibiti. Haka ta bi da yankan gishiri, inda ta bayyana cewa doguwar naƙuda da askar wanzami su ne hanyoyin yoyon fitsari, kuma ana gyara shi da tiyata a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina.

Lokacin da aka fara rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a ƙarshen 2023, jita-jita ta cika zaurukan WhatsApp cewa allurar hana haihuwa ce. Ta ba da shiri biyu cur a kan batun, ta ce ita ma ta kai 'yarta. Na san iyaye a layinmu da wannan magana ce ta sa suka amince.

Sai dai shirin yana da aibi, kuma wanda ya fi ci mini rai ba ƙarami ba ne. Da zarar Dakta ta yi sallama, tashar takan saka tallar magungunan gargajiya da kayan mata, wani lokaci har da wanda ake cewa yana narkar da ƙarin mahaifa cikin mako biyu, alhali a cikin awar da ta wuce likitar ta gama bayanin cewa babu jiƙon da ke narkar da shi, kuma hoton ciki ne ke nuna girmansa da abin da ya dace a yi. Mai sauraro a kicin ba ta bambance inda shiri ya ƙare da inda talla ta fara. Na ji da kunnena wata maƙwabciya tana cewa ai a shirin Dakta ta ji maganin. Na san kuɗin talla ne ke riƙe tasha, amma likitar da ta gina sunanta kan gaskiya tana da ƙarfin da za ta sa sharaɗi, ko aƙalla ta faɗa da bakinta a ƙarshen kowane shiri cewa abin da zai biyo baya ba nata ba ne.

Na biyu, tana yawan cewa a je asibiti ba tare da ta tsaya kan kuɗi ba. Ta faɗi daidai cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawarar awo daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8, amma matar mai gadi ko ta ɗan acaba tambayarta ita ce nawa ne kati, nawa ne gwaji, nawa ne hoto, kuma wa zai biya idan aka ce tiyata. Sau ɗaya na ji ta ambaci inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, a gurguje. Wannan batu ya cancanci shiri na kansa, a gayyato wanda zai bayyana yadda ake rajista da Hausa, mataki bayan mataki.

Layin waya kuma ɗaya ne, kira biyar ko shida ake samu a awa, wasu ma gaisuwa ce ke cinye rabinsu. Saƙona na murya sai da ya yi kusan wata guda kafin a amsa shi. A Facebook kuwa babu mai tsare sashen sharhi, sai ka ga mace ta rubuta sirrinta da sunanta da hotonta, masu sayar da magani sun yi mata caa da lambobinsu, wasu mazan kuma suna rubuta abin da bai dace ba. Shawarata ga duk mai tambaya ita ce ta aika saƙon murya, ta ce kada a ambaci sunanta, domin na lura ana mutunta wannan roƙo.

Ya kamata mai sauraro ta san iyakar abin da za ta samu. Dakta ba ta rubuta magani ta rediyo, ba ta faɗin sunan ƙwaya balle adadinta, kuma wasu suna jin haushin hakan, suna cewa an ɓata musu kati. Ni a wurina wannan yana cikin dalilan da suka sa na yarda da ita, domin likitar da ba ta taɓa cikinki ba, ba ta ga sakamakon gwajinki ba, ba ta da hurumin ba ki magani. Abin da take bayarwa shi ne sanin alamar da za a iya jira da ita zuwa Litinin da wadda ba a kwana da ita, da kalmomin da za ki faɗa wa nas idan kin isa, har takan koya wa mata yadda ake faɗin su da Turancin da ake ji a asibiti.

Ina ba kowace mace mai jin Hausa a Legas shawarar ta saurare shi, musamman amare da masu cikin fari, kuma na fi so a kunna shi a tsakar gida inda uwar miji da maigida za su ji, tunda su ne ke yanke hukunci ranar da abu ya taso. A gidanmu yanzu surukarmu ce ke tuna mana lokaci. Takan sa jikanta ya ɗauko mata rediyo tun kafin a idar da sallar la'asar, kuma ni nake tashi in kashe ta da zarar Dakta ta yi sallama, kafin tallar ta shigo.