Wata takwas ina buga zane a yadi da Epson L3210, ga abinda na gani

Tunda na saka hoton rigunan filon nan a status mata suke ta tambayata ina na kai aka buga min, to wallahi babu inda na kai, a ɗakina nayi su da firinta Epson L3210 da dutsen guga. Irin mai tankin tawada ce, kala huɗu, kwalbar tawada mai lamba 003 ake ɗura mata, kuma tana da sikana a samanta, wato gilashin da ke ɗaukar hoton takarda ya kai kwamfuta. Ni dai don sikanar nan nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Ƙanwata gwanar zanen lalle ce, sai nasa ta zana min fulawa a farar takarda da baƙin biro, na kifa a gilashin nayi sikanin a 300 dpi (ma'aunin kyan fitar hoto), kowane siririn layi ya fito har ɗigon da take yi a bakin ganye. Daga baya na ɗauko tsohuwar atamfar Hajiyarmu wadda yanzu ko Kwari kika zagaye ba zaki samu irinta ba, na shimfiɗa gefenta na rufe murfin, har saƙar zaren sai da ta fito a kwamfuta. Da na buga shi a 'yan jakunkuna na rabawa yayyena, babbarmu riƙewa tayi tana kallo ta kasa magana.

Amma fa ba yadin ake turawa cikin firintar ba, takardar transfa ake bugawa sannan a manna da zafi. Iri biyu ce. Ta fararen kaya dole ki juya hoton kamar a madubi kafin ki buga, in ba haka ba rubutun a baibai zai fito, na yi asarar takarda biyu kafin na gane. Ta kaya masu duhu ba'a juyawa. Wajen guga kar ki zuba ruwa a dutsen, ki ɗora a kan tebur mai tauri ki danne da ƙarfinki duka musamman gefe gefe don daga nan yake fara ɗagowa, kuma farin yadin auduga yafi karɓa.

Inda ta gaza, bata wuce A4 don haka babban zane sai an raba shi gida biyu, kuma bata da WiFi sai da kebul da laftof, mai son turawa daga waya gara ta nemi Epson L3250 mai WiFi. Wuta kam bata ci, ƙaramar solarmu tana ɗaukarta, dutsen gugar ne sai na jira an kawo wuta. Na taɓa sayen wata takarda mai araha wadda ko suna babu a jikin ledarta, wanki uku ta fara tsagewa, raina ya ɓaci sosai don na riga na bayar da kayan.

Wanda nayi da takarda mai kyau sun sha wanki yafi goma, kalar ta ɗan sauka amma zanen na nan, ina juya bayansu ne in wanke da ruwan sanyi in shanya a inuwa. Kayan da za'a riƙa dirza kullum kamar yunifom ban baki shawara ba, amma rigar filo da jakar rabon biki ko suna ta wadatar. Yanzu haka guda arba'in ne a gabana na sunan jikar maƙociyata ranar Asabar.