Tsatsar wuƙar aljihu: jiƙawa a ruwan tsami ko gogewa da mai?

Gishiri na sa wuƙa tsatsa. Gombe ba ta da teku, ruwan madatsar Dadin Kowa ma ba na gishiri ba ne. Duk da haka gishiri na samun wuƙar aljihu mai naɗewa: daga gumi, daga fatar da aka barbaɗa wa gishiri, ko a hannun fataken shanu da ke kwana Legas. Ko ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, mai sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, gishiri kan huda shi ya bar ƙananan ramuka.

Masu jiƙawa suna tsoma ruwan wuƙar a lemun tsami ko binega. Tsamin kan narkar da tsatsa har cikin ramukan, ba tare da wahala ba. Sai dai in an daɗe, ƙarfen kansa yake ci, ya dusashe. Dole a ɗauraye da ruwan kanwa, a busar nan take, in ba haka ba tsatsar ta dawo kafin yamma.

Gogewa kuwa man keken ɗinki ne da tsumma, a haɗa da toka mai laushi. Tana cin lokaci, ba ta kai ƙasan rami mai zurfi, amma ba ta taɓa lafiyar ƙarfe.

Ni gogewa nake zaɓa, sai in tsatsa ta ci sosai. Dalilina mahaɗar da wuƙar ke naɗewa: nan gishiri ke ɓuya, tsami kuma in ya shiga wuyar fita gare shi. A wanke ta da ruwan daɗi, a bar wuƙar a buɗe ta bushe, sannan a ɗiga mai. Wadda ake yankan abinci da ita, a goge man inji tas kafin amfani.