Sharhi kan bitar mhGAP ta lafiyar ƙwaƙwalwa da malaman da suka koyar da mu

Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma a wani asibitin matakin farko da ke ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Jihar Kano, kuma ina cikin ma'aikatan da aka tura bitar horarwa kan kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, wadda aka gina a kan littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na dakata da rubuta wannan sharhi har sai da na ɗauki watanni ina aiki da abin da aka koya mana, domin ba a ranar raba takardar shaida ake gane amfanin bita ba, sai an koma ɗakin duba marasa lafiya, layi ya yi tsawo, sannan mutum ya ga abin da ya zauna masa a ka da abin da ya bi iska. Ra'ayina shi ne bitar ta cancanci lokacin duk wani ma'aikacin lafiya na karkara, amma kusan dukkan amfaninta ya fito ne daga malaman da suka sa mu gwada aikin da bakinmu, kuma wannan amfani yana cikin haɗarin zubewa saboda abin da masu shiryawa suka bari a baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a shekarar 2008, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, sannan ta sabunta shi a 2016. An rubuta shi ne musamman domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne a fannin ƙwaƙwalwa, kuma a Nijeriya Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci aikin daidaita shi da yanayin ƙasar, aka gwada shi a Jihar Osun. Dalilin buƙatarsa a fili yake. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 200, kuma a Arewa asibitocin da aka keɓe wa wannan fanni, irin su na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, sun yi wa mafi yawan ƙauyuka nisa. Mai lalura yakan fara ne da rubutun sha da ruƙiyya ko wurin boka, idan kuma ya taka asibiti, namu yake takawa. Littafin ya ƙunshi ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da matsalolin yara da matasa, da gigin tsufa, da shaye-shaye, da yunƙurin hallaka kai, kuma kowane babi an tsara shi ne a matsayin jerin tambayoyi da ke kai ma'aikaci ga matakin da zai ɗauka. Tsarin ya yi mini daidai ƙwarai, domin ana iya buɗe shi a kan tebur ana bi yayin da majinyaci yake zaune.

Wanda ya buɗe bitar babban likita ne mai ilimi, kuma daga gare shi na fahimci sauyin da aka samu a doka: tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ta ɗauki mai lalura a matsayin wanda za a tsare, ita ce ta yi aiki har zuwa watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta ba majinyaci haƙƙi a kan yadda za a yi masa magani. Ya kuma tuna mana da gidan marin Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 a watan Satumban 2019, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Bayanai ne masu nauyi, sai dai ya gabatar da su cikin dogon jawabi da Turanci mai tsauri, yana karanto rubutun da ke kan majigi, kuma bai bar lokacin tambaya ba. Jami'an lafiya na ƙauye da ke zaune kusa da ni sun rubuta abin da suka iya, amma da muka fita hutu babu wanda ya iya faɗin abin da zai yi dabam a wurin aikinsa sakamakon wannan jawabi.

Malamar da ta karɓi babin ciwon damuwa ita ce ta sa bitar ta zama abin da ta zama. Ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe a asibitin ƙwaƙwalwa, ba ta kunna majigi ba, ta raba mu uku-uku: ɗaya majinyaci, ɗaya ma'aikaci, ɗaya mai lura da ke riƙe da littafin yana duba abin da aka tsallake. Abin da ta fara nuna mana shi ne mai ciwon damuwa a wurinmu ba ya zuwa yana cewa yana baƙin ciki. Yakan zo ne da ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko zafi a ƙirji, ko faɗuwar gaba, ko kasala, ko rashin barci, mu kuma mu auna jini mu nemi zazzaɓin cizon sauro, mu ba da farasitamol, ya dawo bayan mako biyu da irin koken da ya zo da shi. Ta koya mana mu fara da barci da cin abinci, tunda kowa yana amsa waɗannan ba tare da jin nauyi ba, sannan a hankali mu isa ga tambayar da ake nema: «Hajiya, tunani yana yi miki yawa? Abubuwan da kika saba jin daɗinsu, kamar zuwa biki ko hira da 'yan'uwa, har yanzu kina jin daɗinsu?» Idan ƙuncin rai ko fitar sha'awa sun kai mako biyu, tare da wasu alamomin, kuma suna hana mutum gudanar da harkokinsa, to akwai yiwuwar ciwon damuwa ne, amma ba a yanke hukunci sai an duba ƙarancin jini, da rashin abinci mai gina jiki, da matsalar ƙululun maƙogwaro, sannan an tambayi ko mutumin ya taɓa shiga wani yanayi na yawan surutu da rashin barci da ɓarnar dukiya, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar wa irin wannan majinyaci da ciwonsa.

Ta tsaya sosai a kan masu jego, kuma a nan ne na fi ƙaruwa. Matar da ta haihu tana zuwa awo ko rigakafin jariri ne tare da uwar miji ko wata babba a gida, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce ba ta jin son ɗaukar ɗanta ba. Malamar ta sa muka yi ta maimaita yadda za a nemi mai rakiya ta fita ba tare da an ɓata mata rai ba, misali a ce, «Iya, ki ɗan huta a waje, zan duba ta irin dubawar mata,» sannan a zauna, a ajiye biro, a saurara ba tare da katse magana ko gaggawar cewa a yi haƙuri ba. Ta bayyana cewa ga mai ciki da mai shayarwa, ana farawa ne da tattaunawa, da neman wanda zai taimaka mata da aikin gida, da mayar da ita ga abubuwan da ta daina yi, a guji ƙwaya matuƙar akwai hali. Ga sauran manya kuwa, idan an kai ga magani irin amitriptyline, ana farawa da miligiram 25 da dare, a gaya wa majinyaci cewa sai an yi makonni kafin ya ji sauƙi, kuma zai ci gaba da sha na wata 9 zuwa 12 bayan ya warware. Wannan bayani na ƙarshe shi ne yake hana mutane jefar da maganin tun a makon farko, kuma na ga hakan da idona.

Babin da ya fi yi wa kowa nauyi shi ne na tambayar majinyaci ko yana tunanin hallaka kansa. Da yawanmu mun ɗauka cewa yin tambayar zai cusa wa mutum abin da ba ya ransa, kuma ga tsananin haramcin abin a addini, ga sashe na 231 na dokar Penal Code da ya mayar da yunƙurin laifi, wanda duk suna sa iyalai su ɓoye. Malamar ta tabbatar mana, kamar yadda littafin ya faɗa, cewa tambayar ba ta tunzura kowa, hasali ma takan sa mutum ya ji an sauke masa nauyi. Ta sa kowannenmu ya furta ta da bakinsa har muryarsa ta daina rawa, sannan ta bi da mu matakan: kada a bar mutumin shi kaɗai, a sa iyali su kawar da maganin ƙwari na gona da ƙwayoyi daga inda zai kai hannu, kada a ba shi amitriptyline mai yawa ya tafi da shi gida, kuma a nemi ƙwararre cikin gaggawa. Ban ga hanyar da za a koyi wannan daga jawabi ko daga karatu kaɗai ba.

Farfaɗiya ce ta fi saurin nuna sakamako bayan na koma aiki. Likitan da ya koyar da ita matashi ne mai haƙuri, ya fara da tambayarmu abin da ake yi a garuruwanmu idan mutum ya faɗi, muka lissafa masa: sa cokali a baki, ɗura ruwa ko man ja, gudun yawun mai ciwon don kada a ɗauka. Bai raina kowa ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bayyana illarsu, sannan ya kwanta a ƙasa ya sa aka juya shi ta gefe, aka kare kansa, aka sassauta masa wuyan riga, ba tare da an sa masa komai a baki ba. Ya bambanta mana farfaɗiya da shiɗewar zazzaɓi ga yara da kuma jijjigar masu ciki, wadda maganinta dabam ne kuma ba ta jira. Ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan suna samun maganin da ya dace a kai a kai, ba a tunanin dakatar da shi sai an yi shekara biyu babu faɗuwa, kuma a guji maganin farfaɗiya mai suna valproate ga matan da ke cikin shekarun haihuwa. Iyayen wata yarinya da aka cire daga makaranta saboda wannan ciwo sun mayar da ita aji bayan an ɗora ta a kan magani kuma na yi wa malamanta bayani cewa ba a ɗaukarsa.

Masu shiryawa sun yi dabara da suka gayyato wani limami ya yi magana. Ya nuna cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali, kuma babu hujjar ɗaure mara lafiya ko dukansa da sunan fitar da aljani. Shawarar da muka tashi da ita ita ce kada mu ce wa iyali su bar addu'a ko ruƙiyya, domin ba za su bari ba kuma za su daina zuwa wurinmu, sai dai mu roƙi a haɗa da maganin asibiti, a kuma cire mari.

Inda bitar ta gaza shi ne a rabon lokaci. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk wanda ke aiki a Kano ya san yadda tiramadol da wiwi da sholisho suka shiga gidaje, har da na matan aure, amma babin shaye-shaye an taɓa shi ne da yamma a gurguje, babu gwaji ko ɗaya. Gigin tsufa da matsalolin yara ma haka aka bi ta kansu. Lokacin da ya kamata a ba su an kashe shi ne a jawaban manyan baƙi da kuma wani mai jawabin ƙarfafa gwiwa da aka ɗauko ya yi magana kan gajiyar ma'aikata. Batun yana da muhimmanci, kuma mutumin ya iya magana, amma shawarwarinsa na ɗaukar hutu da motsa jiki ba su dace da ungozomar da ita kaɗai ce a asibitinta dare da rana ba.

Akwai kuma matsalar waɗanda aka turo. Wasu shugabannin ofis ne da ba sa duba majinyaci, alawus ne ya kawo su, alhali an bar waɗanda ke bakin aiki a ƙauyuka. Kwafin littafin bai ishe mu ba, aka ce sauran su sauke a waya, kuma masu shiryawa ba su tanadi tambayoyin da Hausa ba, sai kowa ya riƙa juya su yadda ya ga dama, abin da zai sa ma'aikata biyu su yi wa majinyaci ɗaya tambayoyi mabambanta.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Tsarin mhGAP ya ginu ne a kan cewa bayan horarwa ƙwararre zai riƙa ziyartar ma'aikaci yana duba yadda yake aiki, kuma za a samar da magunguna a asibitin. Mu dai zauren WhatsApp aka buɗe mana, malamar nan ce kawai take amsa tambayoyinmu a cikinsa don ra'ayin kanta, kuma ziyarar da aka yi alkawari ba ta zo ba. Maganin farfaɗiya mai suna phenobarbital yakan yanke a ɗakin maganinmu, alhali an koya mana cewa dakatar da shi farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsanani, don haka kafin in ɗora kowa a kansa sai na tabbatar iyalinsa za su iya sayensa a kemis na cikin gari duk wata. Duk abokin aikin da aka zaɓa zuwa irin wannan bita, ina ba shi shawara ya je, ya zauna kusa da malaman da ke sa a yi gwaji, sannan tun kafin a watse ya nemi a faɗa masa a gaban kowa sunan wanda zai riƙa duba aikinsa, da asibitin da zai tura majinyacin da ya fi ƙarfinsa, da kuma inda maganin zai riƙa fitowa.