ESC guda-guda ko 4-in-1 bayan jirgi ya sha ƙasa

Ɗan uwa kai da kace jirginka mara matuƙi (drone) mai farfela huɗu ya faɗi yanzu moto ɗaya sai kakkarwa yake yaƙi juyawa, kana tambayar wanne zaka saya tsakanin 4-in-1 (ESC huɗu a allo ɗaya) da ESC guda-guda (ESC shine abin da ke sarrafa gudun moto), toh guda-guda zaka saya. Amma dan Allah kar ka fitar da kuɗi tukuna, don wannan kakkarwar moto ma yana yinta idan waya ɗaya cikin ukun nan ta tsinke ko kwayil ya ƙone, kuma in har moton ne ya mutu ka jona masa sabon ESC wallahi sabon ma binsa zaiyi.

Fara cire farfela duka huɗun, ba ta moton da ake zargi kaɗai ba. Ka juya moton da yatsa ka kwatanta da sauran ukun, in kaji yana gurza ko yana cijewa a waje ɗaya toh ko shaf ya lanƙwashe ko maganaɗisu ya zame ko ƙasa ta shiga ciki. Leƙa kwayil ɗin da fitila, kalar jan ƙarfe mai sheƙi ya kamata ka gani, in yayi baƙi ko kaji ƙauri ya gama. Sai ka narke solda ka raba wayoyin moton uku da ESC ka sa mita a ohm ka auna su bibbiyu, ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta ɗaya da ta uku. Lambar ƙarama ce sosai bata kai ohm ɗaya ba, ba girmanta ake dubawa ba, so ake duka ukun su zo iri ɗaya. Sannan ka auna tsakanin kowace waya da gindin moton, nan bai kamata mita tayi ƙara ba ko kaɗan. Abin da mutane basa lura dashi shine sukurun da ya ɗaure moto a hannun firem, in yayi tsayi da yawa faɗuwa na iya tura shi ya taɓa kwayil, kuma firem ɗin kabon yana ɗaukar wuta, sai kaga moto da ESC sun tafi tare kana ta zargin kamfani.

In moton ya wuce duk wannan sai a koma kan ESC. Batir a cire, mita a kan ƙara, ka taɓa fos (+) da negetif (-) na shigar batir, zata ɗan yi ƙit saboda kafasita sannan tayi shiru, in ta ci gaba da kuka akwai shot. Ka kuma taɓa kowane wurin soldar moto da fos, sannan da negetif. Kowane moto MOSFET shida ke tuƙa shi, wato ƙananan makunnan wuta dake jikin ESC, biyu-biyu a kowace waya, in ɗaya ya narke ya haɗe anan zaka kama shi. Kunnenka ma zai taimaka, waƙar nan da jirgi keyi in an sa batir, uku a jere sannan biyu bayan ESC ya samu sigina daga FC (allon da ke matsayin ƙwaƙwalwar jirgin), daga jikin motocin take fitowa, ka ɗora yatsa akan wanda ake zargi kaji ko yana yinta kamar ƴan uwansa.

Yanzu maganar saye. Ni jirgin da na fi daɗewa dashi mai farfela inci 5 ne da ESC huɗu kowanne kwance akan hannunsa, kuma ba irin dukan da bai sha ba. Akwai ranar da reshe ya kama shi farfela ɗaya ta maƙale ni kuma ban kashe da wuri ba moton na ta ƙoƙarin juyawa, kafin in isa wajen har ledar ESC ɗin hannun baya na hagu ta kumbura tana wari. Dana koma gida wayoyin moto uku na cire, na wuta biyu, sai sigina da giraun ɗinta, na ɗauko na ajiya na ɗora, ban kwance FC ba ban taɓa kamara ba ban taɓa sauran ukun ba, a daren nan na gama washegari ya tashi kamar ba abin da ya faru. Kuma abin da nake so dasu iska na dukansu kai tsaye daga farfela basa zafi kamar wanda aka cusa a tsakiyar jirgi. Matsalarsu ɗaya farfela in ta lanƙwashe tana iya saran su, maganin wannan kuwa tsohuwar farfela ce, ka yanki fiffikenta ɗaya ka ɗora akan ESC ka naɗe da tef shikenan.

4-in-1 kuma gaskiya yafi kyan gani yafi rashin nauyi wayoyi basu da yawa, nan alherinsa ya tsaya a wajena. Wanda na saya yana nan cikin durowa, layi uku lafiyarsu ƙalau layi ɗaya ya ƙone, kamar mota ce taya ɗaya ta fashe akace sai ka canza duka huɗun. Akwai masu cire MOSFET ɗin da ya mutu da iska mai zafi su sa wani, in hannunka ya kai bismillah, amma yawanci ƙaramin cif ɗin da ke tuƙa su ma ya tafi tare. Sannan wayar nan mai fin 8 da ke haɗa shi da FC ba tsari ɗaya kamfanoni ke bi ba, fulogin zai shiga daram amma jerin wayoyin daban, in wutar batir ta faɗa kan fin ɗin sigina, batir 4S (mai sel huɗu) cike 16.8V ne 6S (mai sel shida) kuma 25.2V, FC ɗinka ya tafi nan take.

Abu biyu ka duba kafin ka koma guda-guda. Hannun firem ɗinka ya zama da faɗin da ESC zai zauna, in irin siraran nan ne na tsere toh babu yadda zakayi sai 4-in-1, ka auna tazarar ramukan sukuru ko milimita 30.5 ne ko 20 kafin ka saya. Na biyu kana buƙatar PDB (allon rarraba wuta) ko FC mai wurin soldar wuta a kusurwa huɗu. In waɗannan sun yi, sayi guda biyar iri ɗaya, na biyar ɗin ajiya, 35A ya ishi jirgi mai inci 5 akan 4S in ba tsere kake ba. Ka sa kafasita low ESR a bakin wayar batir, 1000uF 35V na 4S, in 6S ne 50V. Maganar famwaya, wato manhajar dake cikin ESC, BLHeli_32 an daina sabunta shi tun 2024, don haka ka nemi mai AM32 ko kuma BLHeli_S ka ɗora masa Bluejay ka samu bidirectional DShot (ESC na mayar wa FC bayanin gudun moto) don RPM filter mai tace girgizar moto yayi aiki, kuma duka huɗun su zama abu ɗaya.

Baka tambaya ba amma kayi hattara da masu sayarwa. Akwai masu rubuta lambar da ESC ke jurewa na ƴan daƙiƙu su ce itace ta kullum, akwai masu manna takardar 45A akan ƙaramin abu su rufe da baƙar leda yadda bazaka ga MOSFET ba, akwai kuma masu goge wanda aka dawo dashi su ce sabo ne. Sabo wuraren soldarsa fes suke, in kaga ragowar dalma ko tabon fulos an taɓa aiki dashi. Wanda yaƙi turo maka hoton kayan gaba da baya ko ya kasa faɗa maka famwayar dake ciki ka rabu dashi. Kaya na isowa ka jona da kwamfuta ka tabbatar kowane ESC ya bayyana da sunan da aka tallata tun kana da damar mayarwa.

In ka gama solda, batir na farko ta smoke stopper (abin da ke tare wuta in akwai shot) zaka sa shi, in baka dashi mita ta sake zagayawa. Ka shiga Betaflight, manhajar saita FC a kwamfuta, shafin Motors ba farfela ka tada su ɗaya bayan ɗaya, 1 baya dama, 2 gaba dama, 3 baya hagu, 4 gaba hagu, wanda ya juya baibai ka musanya wayoyi biyu cikin ukun ko ka juya shi a kwamfuta, in ba haka ba kana tashi zai kifa. Ka leƙa shafin Setup ma ka karkata jirgin da hannu kaga ko hoton na binka daidai, don faɗuwa na taɓa gyro, wato abin da ke jin karkatar jirgin. Batirin da ka faɗi dashi kuma in ya loɓa ko ya kumbura kar ka sake sa shi a caji.