Mai wankin mota na ranar Asabar

Malamin makaranta ne, sai Asabar yake wankin mota, har gida yake zuwa da injin zuƙe ƙura. Da ya ce naira dubu 15 kan Corolla ɗina, na ce, "Haba ƙanena, a bakin titi dubu 2 ne!" Ya ce shi dattin mota yake dubawa ya yanka kuɗi.

Awa 4 ya kwashe. Manjan da ya zube a but tun Sallah ya fita tas, warin kunun aya ya bar kujeru, fitilun gaba da suka dushe suka washe.

Inda ya ɓata min rai, sai da ya gama ya ce man goge fenti dubu 3 ne daban. Na biya, amma ya sha faɗa.