Vest Pocket Kodak, Kyamarar Aljihun da Ta Hau Dutsen Everest

Na daɗe ina burin riƙe irin kyamarar da masu hawan dutse na Birtaniya suka tafi da ita Everest a 1924, kuma ranar da tsohuwar Vest Pocket Kodak ta shigo hannuna na gane dalilin da ya sa suka aminta da ita. Kamfanin Eastman Kodak na Amurka ne ya fara fitar da ita a 1912, tana aiki da fim mai lamba 127 wanda ke ɗaukar hoto 8. Idan an naɗe ta takan shige aljihun riga, kuma ba ta da batir balle sanyi ya kashe shi. Ga wanda numfashi ke gagara a tsayin mita 8,000, inda kowane ɗan kaya yake zama jidali, wannan rashin nauyi ya fi komai daraja.

Sai dai aiki da ita yana buƙatar haƙuri matuƙa. Marfin da ke buɗe wa haske hanya bai wuce saurin kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa ba, don haka hannu ya ɗan girgiza, hoto ya dagule. Na sa safar hannu mai kauri na gwada danna ɗan maɓallinta, yatsana ya yi ta zamewa, sai tausayin mutanen da suka riƙa tuɓe safa cikin iskar ƙanƙara ya kama ni. Tagar leƙenta ma ba ta fi farcen yatsa girma ba.

An ce irinta George Mallory, ɗaya daga cikin masu hawan dutsen, ya ɗauka ranar 8 ga Yuni, 1924, da shi da Andrew Irvine suka nufi ƙololuwa ba su dawo ba. An gano gawar Mallory a 1999, amma babu kyamarar a jikinsa, kuma har yau ana fatan fim ɗin da ke cikinta zai nuna ko sun kai.

Wanda zai saya ya fara duba fatar nan mai naɗewa kamar zugazugi. Na haska tocila cikin tawa a ɗaki mai duhu, na ga ƙananan huji a kusurwoyinta, sai da na toshe su kafin in sa fim, wanda shi ma samunsa ba sauƙi. Hotunan sun fito da kaifi a tsakiya, gefensu a ɗan dushe, kuma na ji daɗinsu ƙwarai.