Sitabilaiza ko inbata: wanne zai kashe kugin sifika?

Malam, inbata za ka saya, wadda aka rubuta wa "pure sine wave" a jiki, wato mai ba da wuta mai santsi, marar kusurwa. Kugin da ka ce sifikokinka suna yi, musamman in an tayar da janareta, sitabilaiza ba ta maganinsa.

Aikinta ɗaya ne: in wuta ta zo a bolt 170 ta ɗaga ta zuwa kusan 230, in ta haura ta sauke ta. Duk dattin da ke cikin wutar kuwa haka za ta miƙa wa amfilifaya shi. Ta arhar ma, mai rile a ciki, wato makunnin da ke canja mataki da kansa, duk sanda ta canja mataki sai ta yi "ƙas", sau da yawa har a sifika ka ji. Mai ɗan mota a ciki, wato servo, ta fi ta laushi. Tana kare kaya daga ƙonewa, wannan ban hana ta ba.

Ita inbata wutarta take haɗawa daga batir, tana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa ba gargada. Ƙaramin janareta ba ya iya haka. Da firiji ya tashi sai injin ya ja numfashi, gudunsa ya ragu, wutar ta karkace, taransifomar da ke cikin amfilifaya ta kama gurnani. Inbatar da ke ɗakina 1kVA ce. Da dare in aka mayar da kayan kanta, aka sauke ƙara ƙasa, sai ka kara kunne a jikin sifika kafin ka ji ɗan siririn huci. Ganga ta buga ta tsaya cak, muryar mai karatu ta fito tas har jan numfashinsa.

Akwai tarko fa. Yawancin inbatocin gida in NEPA ta kawo wuta, ko janareta na aiki, wucewa kawai wutar take yi ta cikinsu yadda ta zo, su kuma suna cajin batir. Saboda haka in za ka zauna sauraro, kashe birekar da ke shigar mata da wuta, kayan su sha daga batir zalla. In ba ka son wannan kai-kawo, nemi UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, wadda aka rubuta wa "online", ita kullum sabunta wutar take yi. Sai dai fankarta na da ƙara, a wani ɗakin za ka ajiye ta.

Wajen lissafi kada ka kalli ƙarfin PMPO 5000W da ake bugawa a jikin kwalin kayan sauti, ado ne. Juya bayan amfilifaya ka karanta abin da take ci kusa da inda wayar wuta ta shiga. A ce 150W, talabijin 100W, dikoda 20W, jimla 270W. Batir 12V 200Ah yana ɗauke da 2400Wh, amma mai darma rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe. Cire abin da inbatar ke zubarwa a zafi, saura kamar 1000Wh, wato kusan awa huɗu. Kada a haɗa mata dutsen guga ko firiji.

Kafin ka fitar da ko sisi, yi wannan gwajin. Zare duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, ka bar ta wuta da na sifika kaɗai, ka kunna. In kugin ya ɗauke, wuta ba ta da laifi. Mayar da wayoyin ɗai-ɗai, galibi a wayar dish ko eriya da ta shiga dikoda za ka kama ɓarawon. Haɗa talabijin, dikoda da amfilifaya a soket guda, in bai bari ba a sa wa wayar eriyar ɗan abin nan mai raba ta da at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, ba shi da tsada. In kugin yana nan babu abin da ke haɗe, bai damu da ƙara ko rage murya ba, kuma a kowace irin wuta haka yake, galibi manyan kafasitocin cikinta, masu tace wuta, su ne suka bushe. Aikin mai gyara ne, inbata ba za ta taɓa shi ba.

Duba at ɗin gidan kuma. Gidaje da yawa rami na uku a soket hoto ne, babu waya a bayansa. Mai wayarin ya kafa sandar tagulla mai tsawon ƙafa shida a wuri mai danshi, don ƙasarmu da rani bushewa take yi ƙamas, ya kuma ja wa kayan sauti layinsu daban da waya 2.5mm daga akwatin rarraba wuta, ba wanda injin jan ruwa ke kai ba. Wasu na karya ƙafar at ta fulogi wai kugi ya ragu. Kada ka fara, ran da wuta ta taɓa jikin ƙarfen ta jikinka za ta bi.

Sai 'yan kasuwa. Sitika ba wuyar bugawa, ana liƙa "pure" a kan mai wuta mai kusurwa, wadda ta fi janareta sa taransifoma kuka da zafi. Ka sa a jona mata fankar tsaye a shagon, a kan batir. In fankar ta yi ta "zzz" tana juyawa da ƙyar, ajiye musu kayansu. Batir mai darma 200Ah na gaske ya haura kilo 50, wanda ka ɗaga da hannu ɗaya tsoho ne aka yi wa fenti ko ƙaramin aka canja wa takarda. Waya kuma kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ce aka shafa wa tagulla.